Digirin Waƙa da Rawa: Karatu Ne Ko Shashanci?



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa gabanku, alhali kuwa a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru da sani. In na yi tuntuɓe a yi mini aikin gafara, ɗan koyo ne ke magana.

A hutun da ya wuce wani ƙanena, ɗan baffana, wanda yake ajin ƙarshe a sakandare, ya gaya wa mahaifinsa yana son ya karanta wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa a jami'a. Baffa ya dube shi, ya juyo gare ni, ya ce, "Kai da ka je jami'ar, ashe har roƙo ake ba da digiri a kansa?" Ran nan na rasa ta cewa. Tun da na dawo makaranta nake neman amsar, kuma abin da na samo shi zan shimfiɗa muku, don na san da yawa cikinmu za su gamu da irin wannan tambaya daga ƙanne, ko daga 'ya'ya nan gaba.

Da farko, mene ne wannan fanni? Wasa ne da ake yi a dandamali gaban 'yan kallo, inda ake ba da labari ta hanya uku a haɗe: magana, da waƙa, da rawa. Ya yi ƙarfi ne a Amurka da Ingila, musamman a gidajen wasa na Broadway da ke birnin Niyok. Can da fari waƙoƙin ado ne kawai, ana iya cire su labari bai ji komai ba. A shekarar 1927 aka yi wani wasa mai suna Show Boat wanda ya taɓo wariyar launin fata, sa'an nan a 1943 Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka fito da Oklahoma!, wanda aka nuna sau fiye da 2,000 a jere. Daga nan aka kafa ƙa'idar cewa waƙa ita ma tana ɗauke da labari: in ɗan wasa ya buɗe baki ya rera, to kafin ya rufe dole wani abu ya sauya, ko a zuciyarsa ko a zaren labarin.

Da sana'ar ta kai haka, sai ya zama koyonta a bakin aiki kaɗai ba ya isa. Kwalejin Carnegie da ke Amurka ta fara ba da digirin wasan kwaikwayo tun 1914, amma digirin da ya haɗa rassan nan uku sai wajen ƙarshen shekarun 1960 ya samu, kuma Jami'ar Sinsinati na cikin waɗanda suka fara shi. A Amurka shekara 4 ake yi, a Ingila kuwa yawanci 3.

Sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya shigar da mutum. Sai ya tsaya gaban malamai ya rera guntayen waƙoƙi, ya faɗi wani jawabi daga cikin wasa da ka, sa'an nan a nuna masa takun rawa nan take a ce ya maimaita. In ya samu shiga, zai koyi sarrafa numfashi da murya, da karanta rubutun kiɗa, da taɓa fiyano, da rawa iri-iri, har da wadda ake buga ƙasa da takalmi mai ƙarfe. Zai karanta tarihin wasan kwaikwayo da nazarin rubutattun wasanni, ya rubuta jarrabawa a kansu kamar kowane ɗalibi. Dalilin wannan horo shi ne, a Broadway sau 8 ake nuna wasa a mako, wani lokaci shekara da shekaru. Wanda bai san yadda ake tattalin murya ba, kafin wata ya zagayo ta dushe. A shekarar ƙarshe akan kai ɗalibai su nuna abin da suka iya gaban dillalan 'yan wasa, daga nan kowa tasa ta fisshe shi.

Saboda haka rabin amsar da zan ba Baffa ita ce, lalle karatu ne, har ma ya fi wasu darussanmu cin jiki. Amma zan zama maƙaryaci in na tsaya nan, gama tsoronsa yana da tushe. Masu gama karatun kowace shekara sun ninka guraben da ke akwai nesa ba kusa ba. Aikin na kwantiragi ne, ranar da aka rufe wasa ranar albashi ya tsaya. Takardar digiri ba ta hana a sake gwada mutum duk lokacin da ya nemi aiki, kuma mai gwajin muryarsa zai saurara, ba zai tambayi takarda ba. Kuɗin makaranta a can yana da tsada ƙwarai, ɗalibai da yawa da bashi suke fitowa. Sa'ad da annobar korona ta zo a watan Maris na 2020, gidajen wasan Broadway sun yi kusan shekara ɗaya da rabi a rufe. Shi ya sa masu wannan digiri da dama suke komawa koyarwa, ko shirya wasa, ko aikin rediyo da talbijin. Duk wanda ya ɓoye wa yaro wannan ya cuce shi.

To, wani zai ce wannan ai al'amarin Turawa ne, ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa, don a Afirka ma an yi, kuma an ga tasirinsa. A Afirka ta Kudu wasan King Kong na 1959 shi ya fito da Miriam Makeba, Sarafina! kuma na 1987 ya kai labarin boren ɗaliban Soweto har Amurka. A nan gida, Hubert Ogunde ya kafa ƙungiyarsa a tsakiyar shekarun 1940, kuma a 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa saboda Yoruba Ronu. Hukuma ba ta ɓata lokacinta wajen hana abin da ba shi da ƙarfi. A 2009 aka kai tarihin Fela Anikulapo Kuti Broadway, a 2011 aka kawo wasan Ikko. Jami'ar Badun ta buɗe makarantar wasan kwaikwayo tun farkon shekarun 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta soma nata a 1975. Sai dai a jami'o'inmu galibi waƙa da rawa darussa ne cikin digirin wasan kwaikwayo gaba ɗaya.

Mu Hausawa kuwa, ba baƙi ba ne ga haɗa labari da waƙa. Kowa a nan ya ji tatsuniya wadda in ta kai wurin tashin hankali sai kaka ta bar magana ta ɗauki waƙa, kuma in an cire waƙar tatsuniyar ta mutu. Ƙa'idar nan da aka kafa a 1943, kakanninmu suna aiki da ita a tsakar gida. Ga kuma tashe, inda yara ke yin shiga, su yi kiɗa da waƙa, su kwaikwayi halayen manya don gargaɗi. Abin da muka rasa shi ne horo da tsari. Dubi finafinan Hausa: sau nawa ake tsayar da labari cik, a kai saurayi da budurwa lambu su yi rawa, a dawo a ci gaba kamar ba a yi komai ba? Sau nawa ake ɗora kalmomin Hausa a kan karin waƙar Indiya har a karya su? Harshenmu yana da karin sauti da dogon wasali da gajere, mai tsara waƙar da bai kula da su ba yana iya juya ma'ana bai sani ba. Wannan ilmi ne, kuma babu wata makaranta a Landan ko Niyok da za ta koya mana shi.

Batun roƙo kuwa, mu duba shi da idon basira. A al'adarmu makaɗi yana rayuwa ne da kyautar wanda ya wasa, shi ya sa ake jin daɗin waƙarsa amma a raina matsayinsa. Ɗan wasan da nake magana a kansa ba ya wasa kowa. Mai kallo tikiti yake saye, kamar yadda yake sayen littafi. Kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. In jami'a ta yarda waƙarsa ta cancanci wannan, da wuya ta ce koyar da fasahar ƙasƙanci ne.

Ga abin da na shirya gaya wa ƙanena. Ya gwada kansa tukuna a ƙungiyar wasan makarantarsu, ya nemi wanda ba ya jin kunyarsa ya gaya masa gaskiyar muryarsa. In ta tabbata, ya nemi sashen wasan kwaikwayo a nan gida, ya riƙi rubutu da shirya wasa da nazarin waƙar Hausa da hannu biyu, don su ne za su ci da shi ranar da babu dandamali. Kada a sayar da gona don a kai shi waje. Mu kuma, tunda wasunmu gobe su ne a ma'aikatun ilmi da hukumomin raya al'adu, ina roƙo in takardar irin wannan yaro ta zo teburinku ku karanta ta kafin ku yi dariya.

Shugaba, nan zan dasa aya. Ina jiran gyara da tambayoyi, musamman daga waɗanda suke ganin Baffa ne mai gaskiya.