Abin da Ke Maƙale a Saiwar Kainuwa

 

Ga kainuwa nan cikin kwano, a miƙa ta hannu zuwa hannu. Ku bar ganyen, saiwar za ku duba. Ku murza ta tsakanin yatsu biyu. Kun ji santsi? Tare da ita akwai wannan ɗan mitsitsin ganye da ke shimfiɗa kore a kan kududdufi, wanda faɗinsa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, da siririyar saiwa tana reto a ƙarƙashinsa. Shi ma yana da wannan yauƙin. To, yauƙin nan masu rai ne, cunkus a wuri guda, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Bakteriya ake ce musu.

Muna cewa kainuwa dashen Allah, don babu mai shuka ta, babu mai yi mata ban-ruwa. Amma ba ita kaɗai take zaune ba. Saiwarta kamar zangon fatake take: tana tsatso ɗan zaƙi, baƙi su sauka su ci, su kuma su biya da aiki. Wasu suna narkar da dattin ruwa ya zama abincin da tsiron zai iya sha. Wasu suna sa shi saurin girma. A Japan, cikin shekarar 2010, masana sun ba da labarin wata ƙwaya da suka ciro daga jikin ɗan mitsitsin ganyen nan, tana cinye wata guba da masana'antu ke zubarwa, tana kuma ƙara wa ganyen yaɗuwa. Akwai kuma wani tsiro mai yawo bisa ruwa da ake kira Azolla, wanda ƙwayar da ke cikin ganyensa ke jawo sinadarin taki daga iska, irin wanda muke saye a buhun yuriya. Manoman shinkafa na Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna takin fadamunsu da shi. Saboda haka kada kowa ya tashi daga nan yana cewa an ce kainuwa annoba ce.

Matsalar tana farawa ne idan ruwa ya shiga ƙunci. Kun fi ni sanin tafkin nan na Madarunfa. Da damina, idan Gulbin Gabi ya kawo ruwa, yakan bazu ya kai wajen hekta 800. Kafin bazara ta kai tsakiya ya ja baya sosai, ya bar taɓo yana tsagewa. Ruwan ya ragu, amma abin da muke zuba masa bai ragu ba: kashin shanu a mashaya, kumfar wanki, takin zamani da ya gangaro daga garka, ragowar maganin feshi, da bayan gidan da ake yi a gefe. Ga rana tana dafa shi.

A irin wannan hali ɗan ganyen nan yana iya ninka kansa cikin kwana biyu ko uku. Sai ya rufe fuskar ruwa ruf, haske ba ya shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta yi ƙaranci. Na ƙasa ya mutu ya nutse, masu cin ruɓa su taso masa, su ƙarasa shanye ɗan abin da ya rage na iskar. Masunta, kun san safiyar da kifi ke tasowa sama yana buɗe baki tun kafin rana ta fito. Kun kuma san warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi idan an taka baƙin taɓo. Duka biyun aikin ƙwayoyin nan ne. Masu gyara ruwa sun ja baya, masu jure ƙazanta sun karɓe wurin. Kuma ƙwaya idan ta ji wuya, lafewa take yi a jikin saiwa, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta jira.

Cikin masu iya wannan jiran har da ƙwayar kwalara, ciwon amai da zawo. A Bangaladash, tun 1981, an gano tana taruwa a jikin wani tsiro mai yawo bisa ruwa fiye da yadda take cikin ruwan kansa. A 1990 wasu masana suka gwada ta da ɗan mitsitsin ganyen nan, suka ga ta fi daɗewa da rai idan tana manne da shi. A fahimce ni da kyau: tsiro ba ya haifar da kwalara. Daga bayan gidan mai ciwo take shiga ruwa. Tsiron masauki kawai yake ba ta.

Ba sai na tuna wa mutanen Madarunfa 2018 ba. A watan Yuli na shekarar ciwon ya ɓulla a likitar N'Yelwa, bayan an kawo marasa lafiya daga wajen Jibiya, kafin ya lafa ya kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, kuma gundumarmu ce ta fi jin jiki. Ban ce daga tafki ya fito ba. Abin da nake cewa shi ne, ranar da ya sake zuwa, kada ya tarar mun gyara masa wurin kwana.

Iyayena mata, nan ne maganarku. Na sha ganin an sa ƙwarya an ture koren gefe, a ga ruwa garau a ƙasa, a ce ai kainuwa ta tace shi. Gaskiya ne tana kwantar da laka. Amma turewar nan tana karkaɗo abin da ke jikin saiwa ya bi ruwan zuwa tulu. Idan akwai famfo ko rijiya mai murfi, can za a je. Idan dole ta sa sai na tafki, a ɗiba nesa da ciyawa, a tace da tsohon zane mai tsabta da aka ninka aƙalla sau huɗu. Kada ku raina wannan. An gwada shi a ƙauyuka 65 na Bangaladash, aka fitar da sakamakon a 2003: kwalara ta ragu da kusan rabi. Tsohon zane ya ma fi sabo, don zarensa ya saki ya toshe ƙofofin. Bayan tacewa a tafasa, ko a sa maganin tsabtace ruwa na Aquatabs a jira rabin awa. Zanen kuma a wanke a shanya a rana.

Yara masu wanka cikin ciyayin gefe, can ne katantanwar da ke ɗauke da ciwon fitsarin jini take zama. Akwai ma wani irin sauro da tsutsarsa ke soka bakinta a saiwar kainuwa tana shaƙar iska. Wannan a taƙaice ke nan.

'Yan garka, idan koren ya yi yawa a hanyar ruwanku, ku kwashe da manjagara, ku tara nesa da baki, ya bushe ya ruɓe. Taki ne mai kyau ga zogale da albasa. Kada a kwashe tas, a bar kaɗan yana aikinsa. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a daina wanke tankin feshi a bakin tafki. Wanda ya yi haka ya zuba wa kifin maƙwabcinsa guba, ya kuma zuba wa shanun da za su sha da maraice.

Tafkin da kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, bai kamata ya zama makewayi ba. Ranka ya daɗe mai gari, muna neman a keɓe mashayar dabbobi daban da wurin ɗiban ruwa, a kuma tsananta maganar masai a gidajen da ke kusa da baki. Sarkin ruwa, duk sa'ad da mutanenka suka ga kainuwa ta yi rawaya gaba ɗaya, ko kifi yana mutuwa, a sanar da ma'aikatan ruwa da gandun daji a ranar. Wanda kuma aka ga yana zawo kamar ruwa ba tsayawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya, a kai shi likita ko da tsakar dare ne.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.