Kwafe Manhaja Daga Saba Ta Hanyar Rubutaccen Umarni



A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta soma sanar da manoma rabonsu na takin zamani ta saƙon wayar hannu. Manomin Musawa ko Malumfashi saƙo kaɗai yake gani, alhali kuwa bayan kowane tsari irin wannan akwai babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda aka girka manhajar aikin a cikinta. In ta lalace ana dab da shuka, damina ba za ta jira mai gyara ba.

Abin da galibi ake mantawa shi ne, manhajar da ke aiki a saba ta bambanta da wadda magininta ya miƙa. Lokacin girkawa akan ɗaure ta da wasu abubuwa, watau a nuna mata rumbun bayanan da za ta ɗiba, da waɗanda aka yarje wa shiga. Wanda ya adana kwafin magini kawai, ranar da saba ta mutu sai ya sake ƙulla waɗannan ɗaya bayan ɗaya, in ma ya tuna su.

A WebSphere, wadda kamfanin IBM ya fitar a 1998, akwai kayan aiki mai suna wsadmin, wanda ke karɓar umarni cikin harshen Jython. Umarnin AdminApp.list yakan jero manhajojin da aka girka, AdminApp.export kuwa ya fitar da kowace a fayil irin na EAR, tare da ƙulle-ƙullenta. Ana iya yin haka da hannu, amma hannu yana gajiya, ma'aikaci kuma yakan tafi hutu ko a canja masa wurin aiki. In aka rubuta umarnin sau ɗaya, aka sa na'ura ta bi shi kowane dare, ta liƙa wa fayil kwanan wata, an huta. Sai dai lalle ne a kai fayil ɗin wata na'ura dabam, a kuma riƙa gwada girka shi, yadda manomi kan gwada iri kafin ruwa ya sauka.

Wannan fayil kuwa bai ƙunshi sunayen manoma ba, domin suna rumbun bayanai, wanda ke da nasa hanyar adanawa. Tsarin sabar kanta ma da umarnin backupConfig ake kwafe shi.