Naira Dubu Ashirin da Biyu da Suka Ɓata a Cikin Kwamfuta: Lacca a kan Jimla mai Sharaɗi



Da sakataren ƙungiya ya nemi in yi magana yau, sai na ce masa ni ba gwanin kwamfuta ba ne, abin da kawai na fi wasunku da shi shi ne na taɓa jin kunya a bainar jama'a saboda lissafi. Ya ce ai wannan kunyar ake so in zo in ba da labarinta. To, ga ni, kuma ina roƙon ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci.

Bara ni ne ma'ajin ƙungiyar ɗaliban jiharmu. Kowane ɗalibi yana biyan Naira 2,000 a shekara ta hannun wakilin ƙaramar hukumarsu, wakili ya zuba a banki, ya kawo mana sunaye, mu kuma mu shigar a jadawalin lissafi na Excel. Ga wanda bai saba ba, jadawalin nan fili ne da aka yanka gurbi-gurbi, layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lambobi. A namu, layin tsaye na A sunan ɗalibi ne, na B ƙaramar hukumarsa, na C kuɗin da ya biya. Domin in san abin da kowane wakili ya kawo, sai na yi amfani da fomular da ake kira SUMIF, watau "tara, amma bisa sharaɗi". Na rubuta:

=SUMIF(B2:B200,"Ɗambatta",C2:C200)

Ma'anarta ita ce, bi layin B daga gurbi na 2 zuwa na 200, duk inda ka ga Ɗambatta, ɗauki kuɗin da ke gefensa a layin C ka tara. Kwamfuta ta ba ni Naira 38,000. Wakilin Ɗambatta kuwa ya ce mutum 30 ya karɓa, watau Naira 60,000. A taron majalisar ƙungiya na tashi na karanta adadina, na ce akwai giɓin Naira 22,000. Ban kira shi ɓarawo ba, amma magana zarar bunu ce, kafin magariba labari ya gama ɗakunan kwana. Bawan Allah ya zo ɗakina da rasit-rasit ɗinsa a cikin leda, idonsa ja wur, ya ce, "Malam ma'aji, mu zauna mu ƙirga." Muka zauna har ƙarfe biyu na dare. Kuɗinsa cif suke. Mutum 11 ne fomulata ta tsallake, ta hanyoyi huɗu daban-daban, ba ta kuwa nuna mini alamar kuskure ko sau ɗaya ba.

Wannan shi ne kan maganata. Tun da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da VisiCalc a 1979, Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel kuma ya fito a 1985, akawu ya huta da yawan tarawa da hannu, amma ya sami wani sabon haɗari. Idan fomula ta karye sarai, takan nuna #VALUE! ko #NAME?, kowa ya gani ya gyara. SUMIF kuwa yawancin kurakuranta shiru take yin su. Abin da bai cika sharaɗi ba sai ta wuce shi, ta ba ka adadi mai kyawun gani, kai kuma ka ɗauka ka kai gaban jama'a. Bari in bi da ku ta hanyoyin nan huɗu kamar yadda muka gano su a daren.

Ta farko, rubutun suna. Mutum uku ne muke shigar da sunaye, kowa da wayarsa ko kwamfutarsa. Ni ina rubuta Ɗambatta da ɗ mai lanƙwasa, mataimakina yana rubuta Dambatta, sakatariyar kuɗi kuma Danbatta. A wurinmu gari ɗaya ne, a wurin kwamfuta garuruwa uku ne. SUMIF ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma Ɗ da D haruffa ne biyu a gare ta, haka Ƙ da K, haka Ɓ da B. Nan mutum 5 suka salwanta. Mu masu rubutu da Hausa sai mun ƙara lura da wani abu: idan ka fara rubutu a gurbi da waƙafin sama, kamar a 'Yan Awaki, Excel yakan ɗauki waƙafin a matsayin umarni cewa abin da ke biye rubutu ne, ya ɓoye shi, ya bar maka Yan Awaki. Hanyar gane wannan ciwo mai sauƙi ce. Ka sa matatar jadawali a kan layin B, ka buɗe jerin sunayen da ke ciki, za ka ga kowane irin rubutu ya fito daban.

Wani zai ce, to a sa tauraro mana, a rubuta "*batta", tun da tauraro yana tsayawa a madadin kowane irin haruffa. Gaskiya ne, yana aiki. Amma a yi hattara, domin wanda ya rubuta "Dawakin*" ya haɗe kuɗin Dawakin Tofa da na Dawakin Kudu wuri guda, ya gyara rigima ɗaya ya tayar da biyu. Maganin da ya fi shi ne a gyara rubutun kansa, sa'an nan a kafa wa layin jerin zaɓi, yadda mai shigarwa zai zaɓi sunan gari daga jeri maimakon ya rubuta da hannunsa.

Ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. Mutum 2 an rubuta musu Ɗambatta daidai, harafi bisa harafi, amma fomula ta ƙi su. Ashe bayan harafin ƙarshe akwai sarari guda da yatsa ya danna, ido kuwa ba ya ganin sarari. Mun kama shi da fomular LEN, wadda ke ƙirga haruffan da ke cikin gurbi. Ɗambatta haruffa 8 ne, waɗannan biyu suka ba da 9. Fomular TRIM tana share irin wannan sarari. Sai dai akwai wani nau'in sarari da yakan biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, lambarsa 160, wanda TRIM ba ta taɓa shi. Shi sai an musanya shi da SUBSTITUTE tare da CHAR(160) tukuna.

Ta uku tana layin kuɗi. Mutum 2 an rubuta musu N2,000, da harafin N a gaba, don ladabi ga Naira. Da zarar harafi ya shiga, gurbin ya tashi daga adadi ya zama rubutu, SUMIF kuwa ba ta tara rubutu, ba ta kuma faɗa maka ta bar shi. Alamarsa ita ce, in ba a sauya tsari ba, adadi yakan jingina da gefen dama na gurbi, rubutu kuwa da gefen hagu. In kana son tabbaci, gwada COUNT da COUNTA a kan layin. COUNT tana ƙirga gurabun da ke ɗauke da adadi kaɗai, COUNTA tana ƙirga duk gurbin da ba fanko ba. In suka bambanta, bambancin shi ne yawan kuɗin da suka rikiɗe suka zama rubutu. Ma'aikatan da ke sauko da bayanin asusu daga banki su riƙe wannan da kyau, domin sau da yawa adadin yakan zo a matsayin rubutu ko babu harafi a jikinsa.

Ta huɗu ita ce wadda na fi jin kunyarta. Na tsayar da fomulata a gurbi na 200 tun farkon zango, ina ganin ba za mu wuce haka ba. Masu biya a makare suka kai mu har layi na 214. Layuka 14 suna waje da iyakar da na shata, 2 daga cikinsu na Ɗambatta ne. Biyar da biyu da biyu da biyu, ga mutum 11, ga Naira 22,000.

Kada wani ya ɗauka ƙananan ma'aji irina kaɗai wannan ke samu. A 2010 manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga wani nazari da ke nuna cewa ƙasar da bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta takan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi mai neman babban digiri a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu ya duba, ya tarar fomular da ke fitar da matsakaicin adadi ta tsaya kafin ƙarshen jeri, ta bar ƙasashe biyar a waje: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmark. Da shi da malamansa suka gyara wannan da wasu matsalolin da suka gano, bunƙasar da aka ce ta faɗi ƙasa da sifiri sai ta koma kashi 2.2. Ɗalibi ne kamar ni da ku, abin da ya yi kawai shi ne ya danna gurbi ya karanta iyakar fomula. Rigakafin wannan a Excel shi ne a mai da jerin ya zama tebur ta hanyar danna Ctrl da T, domin fomular da ta dogara da tebur tana faɗaɗa da kanta in an ƙara layi.

Akwai wasu tarkuna uku da ban faɗa cikinsu ba a wancan karo, amma yayyenmu na ofis za su gamu da su. Na ɗaya, SUMIF tana da ƙanwa, SUMIFS, wadda ta zo da Excel na 2007, mai karɓar sharuɗɗa da yawa. A SUMIF layin kuɗi ne ke zuwa ƙarshe, a SUMIFS shi ne ke zuwa farko, wanda ya saba da ɗaya yakan juya ɗayar. Haka kuma in layin sharaɗi da layin kuɗi ba su yi tsawo ɗaya ba, SUMIFS takan ƙi aiki ta nuna #VALUE!, ita kuwa SUMIF sai ta daidaita tsawon da kanta ta ci gaba. In ka fara ɗaya daga B2, ɗayan daga C3, za ta ba kowa kuɗin na ƙasa da shi.

Na biyu, sharaɗin "ya kai" ko "ya fi". In ranar da kake so a fara tarawa tana gurbin E1, sai ka rubuta ">="&E1, alamar a cikin alamun zance, gurbin a waje, & ta haɗa su. Wanda ya rubuta ">=E1" gaba ɗaya a ciki, ya aiki kwamfuta neman kalmar E1, yawanci sifiri za ta kawo masa.

Na uku, kwanan wata. Excel yana ajiye kowace rana a matsayin lamba, yana farawa da 1 ga Janairu 1900, har 1 ga Janairu 2024 ta zama 45292. Mu a nan rana muke fara rubutawa kafin wata, Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi. In kwamfutar ofis tana kan tsarin Amurka, ka rubuta 03/04/2024 kana nufin 3 ga Afrilu, ita 4 ga Maris ta ji. In ka rubuta 25/04/2024, tun da babu wata na 25, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu, jimlar wata ta tsallake shi. Ka ga harajin Afrilu ya rabu, wani ya tafi Maris, wani ya ɓace.

To, jama'a, ba na tsammanin kowa zai haddace duk waɗannan. Abu guda nake so ku tafi da shi, shi ne wanda da na yi shi da ban kunyata kowa ba. Duk lokacin da ka raba kuɗi kashi-kashi da SUMIF, ka tara kason nan duka, ka gwada da jimlar layin kuɗi gaba ɗaya, sa'an nan ka gwada da abin da ke banki ko cikin akwati. Dole ukun su zo ɗaya. A namu, ɗalibi 213 suka biya, banki yana da Naira 426,000, jimlar ƙananan hukumomi a jadawalina kuwa Naira 374,000 ce, domin ban da na Ɗambatta, akwai sauran layuka 12 da ke waje da iyaka, da mutum 3 na Ƙaraye da aka rubuta musu Karaye. Watau kuɗin da ke banki ya fi na takardata da Naira 52,000. Ina aka taɓa cin kuɗi asusu ya ƙaru? Gwajin minti ɗaya ne, ban yi ba, domin na ɗauka abin da ya fito daga kwamfuta ya wuce tambaya. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani.

A taro na gaba na tashi a wurin da na karanta adadin farko, na karanta na gaskiya, na nemi gafarar wakilin a gaban kowa. Ya yafe mini, har yanzu muna cin abinci tare. Amma na sani akwai waɗanda suka ji labarin farko ba su ji na biyu ba, wannan kuwa ba ni da fomular gyara shi.

Gobe kaɗan wasunku za su riƙe jadawalin albashi, wasu na fansho, wasu na rabon taki ko maganin asibiti. A can, layin da fomula ta tsallake tsoho ne da zai yi wata uku yana zarya a sakatariya, ko ƙaramin akawu da za a dakatar a kan kuɗin da ke nan ba su motsa ba. Saboda haka kafin ku sa hannu a kan adadi, balle ku ambaci sunan mutum, ku danna gurbin, ku karanta iyakarsa, ku ƙirga layukan da ya ɗauka, ku gwada da kuɗin da ke hannu.

 Wanda ya zo da kwamfutarsa kuma yake da jadawalin da ya ƙi daidaita, ina nan bayan an tashi, sai mu duba tare.