Wa Ke Yanke Kuɗin Tiya? Jawabin Kwamitin Saye da Sayarwa a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, mazajenmu da suka ba mu izini muka fito, da ɗiyanmu da suka rako mu, muna yi muku barka da zuwa. Na Tsafe da na Bunguɗu da suka biyo hanya tun da sassafe, sannunku da ƙoƙari, Allah Ya maida ku gida lafiya.

Shugaba ta ce mu 'yan kwamiti mu amsa tambayar da ta fi yawa a bakin mambobi bana. Tambayar ita ce: in mun aika yaro kasuwa da gero ko masara ko waken suya, ya dawo ya ce "yau tiya kaza aka saya", wa ya yanke wannan kuɗin? To, yau sai mu kwance buhun kowa ta ga abin da ke ciki.

Tsofaffinmu za su tuna zamanin da gwamnati ke faɗin kuɗin auduga da gyaɗa tun kafin a buɗe ciniki, a kai kaya fuloti a ɗora a sikeli. Wannan ciniki, tare da jirgin ƙasa da ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shi ya raya garin nan. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin ciniki na amfanin gona. Tun daga nan kasuwa ke faɗin kuɗi, ita kuwa kasuwa da lissafi take tafiya.

Ɗan kwarami da ke zaune bakin kasuwa da buhunansa, kafin ya ce "na saya", ya riga ya buga waya. Ya ji yadda aka tashi a Dawanau ta Kano, ya ji na Dandume da Funtuwa, in kayan Nijar za su nufa ya ji na Illela ko Jibiya. Daga wannan kuɗi na can yake fara cirewa, yana dawowa baya har ya iso ƙofar gidanmu.

Bari mu yi misali, kuma misali ne kawai, kada wata ta ce kwamiti ya yanke farashi. A ce buhun masara naira 40,000 ne a Dawanau. Zai cire 4,000 kuɗin mota. Zai cire 600 na 'yan dako, lodi da saukewa. Buhu da ɗinki 600. La'adar dillali da kuɗin kasuwa 800. Abin da ake miƙawa a shingayen hanya 500. Sai ya ware 1,000 saboda kayan za su ƙara bushewa su rage nauyi, ga tsakuwa da ƙaiƙayi. Ribarsa 2,500. In kun haɗa, 10,000 ke nan. Saboda haka a Tsafe ba zai wuce 30,000 ba. Buhu kuwa yana cin kamar tiya 40, ke nan tiya ta faɗo naira 750. Kun ji inda kuɗin tiya ke fitowa.

Wannan tazara ta tsakanin can da nan ba a tsaye take ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, tazarar ta buɗe. Duk ranar da aka ji labari marar daɗi a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, direba kan ƙara kuɗi saboda ransa yake sa wa a hanya, masu saye na nesa kuma su ƙi shigowa. In masu saye goma suka koma uku, ukun nan su ke faɗin yadda suke so. Mun gani a Satumba 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar nan: mai kaya ba ta san yadda ake sayarwa a ko'ina ba, abin da aka faɗa mata shi ke nan. Mun sake gani a farkon 2023 da aka canza kuɗi, takardar naira ta yi wuya. Wanda ya zo da tsaba a hannu ya saye kaya da arha, don mai neman cefane ba ta iya jiran tiransifa.

Sai maganar awo, wadda ta fi shafar mu mata, don mu ke sayarwa tiya-tiya. Ku koma kan misalinmu. In mai awo ya yi tozo ya kuma tare da hannu, har buhu ya cika da tiya 36 maimakon 40, ke an biya ki 27,000, shi kuwa ya ɗauki buhun 30,000. Ba a rage miki kuɗin tiya ba, amma 3,000 ta tafi. Malamanmu sun sha karanta mana gargaɗin Suratul Muɗaffifina a kan tauye mudu. Gargaɗin ya hau kan mai saye da mai sayarwa baki ɗaya, saboda haka mu ma kada a samu wadda ke zuba tsakuwa ko ta yayyafa wa hatsi ruwa.

Na uku shi ne lokaci. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kowa na kai kaya rana ɗaya: ga kuɗin makaranta, ga biki, ga bashin taki. Kaya sun yi yawa, kuɗi ya faɗi. Zuwa tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, sai a koma sayen abin da aka sayar, da tsada. Mafi ciwo ita ce ba-da-kaka, inda mutum ke karɓar kuɗi da damina a kan zai biya da buhu in an girbe. Wanda ya ci wannan bashi, an yanke wa amfaninsa kuɗi tun yana tsaye a gona.

'Yan uwa da ke da dangi a wajen Bakalori sun ce mu taɓo alkama. Ita tata hanyar ta fi tsawo. Mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya ta jirgin ruwa take shigowa, kuma da dala ake sayen ta. Manyan kamfanonin fulawa suna kallon yadda aka tashi a kasuwar Shikago ta Amurka, su ƙara kuɗin jirgi da na kwastan, su juya shi zuwa naira. Wannan shi ne silin da suke auna tamu da shi. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya taɓa kuɗin burodi a Tudun Wada, haka nan faɗuwar naira daga Yuni 2023. Gwamnati ta taɓa hana shigo da alkama a 1987, noman ta ya yi kasuwa, da aka janye hanin bayan 'yan shekaru manoma da yawa suka bari. Abin da ke riƙe wa alkamarmu daraja shi ne masu taliyar murji da alkaki da finkaso, waɗanda ke neman ta gida. Ita ma da an girbe ta wajen Maris da Afrilu kuɗinta ke sauka.

To, me ke hannunmu? Shikago ba ta hannunmu, dala ba ta hannunmu. Amma cikin abubuwan nan da ɗan kwarami ke cirewa, akwai waɗanda za mu iya ragewa. Ga shawarwari huɗu da muke son a kaɗa musu ƙuri'a yau.

Na farko, mu sayi sikeli ɗaya-ɗaya a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kowace mamba ta auna kayanta kafin su fita, a rubuta. Wadda ta san kilo nawa ta kawo, ba a yi mata tozo.

Na biyu, mu sheƙe kaya da kyau, mu shanya su bushe sosai, mu haɗa su wuri ɗaya. Mai buhu biyu roƙo take yi a saya. Masu buhu ɗari biyu tsabtatattu, su ake bugo wa waya, kuma ba wanda zai cire musu kuɗin danshi da tsakuwa.

Na uku, kowane reshe ya naɗa mace ɗaya mai waya, ta riƙa jin farashin Dawanau da Dandume duk mako tana sanar da sauran. In kin san na can, kin san kuɗin mota, ke ma za ki iya lissafin da yake yi.

Na huɗu, mu ware wani kaso na asusu don rancen kaka marar ruwa. Mamba ta kawo buhunta sito, a ba ta wani ɓangare na kuɗinsa ta kashe gobarar gabanta, in an sayar a cika mata. Wake kuwa a zuba shi a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke hana ƙwari ba tare da magani ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya a kan ajiya. Ba kullum take biya ba. A Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta ba da kwana 150 na shigo da masara da alkama da shinkafa da wake ba haraji, kuma a 2025 kuɗin hatsi ya sauka ƙwarai, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Don haka shawararmu a riƙa kasa kaya uku: na ci, wanda ba a taɓawa, na sayarwa nan kusa, da na jira. Kuma a sa ranar da za a fitar da na jiran ko kasuwa ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Mu ba masu ɓoye abinci ba ne don jama'a su sha wuya. Guminmu muke karewa.

Kada kuma mu ɗauki 'yan kwarami da dillalai abokan gaba. Da yawansu mazajenmu ne da ƙannenmu, su ma suna faɗuwa, suna kuma bin hanyar da mu ba mu iya bi. Abin da muke so shi ne in an zauna ciniki, kowane ɓangare ya san lissafi.

Iyayen gida da ke wajen rumfa, muna roƙon ku bar matanku su kawo nasu na gayauna cikin wannan haɗaka. Ɗiyanmu 'yan makaranta, ku zo ku taya mu riƙon littafi. Sakatariya za ta karanta shawarwarin ɗaya bayan ɗaya bayan sallar Azahar, kowace mamba ta ɗaga hannu a kan abin da ta yarda da shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, Ya jiƙan mambobinmu da suka riga mu.