Jawabi Kan Harajin Sayar Da Kayan Tarihi Na Gida Ta Intanet

Iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Kontagora.

Da yawanmu kan sayar da abin da muka daɗe muna ajiyewa, kamar tsofaffin anini da ahu, kan sarki, faya-fayan garmaho da kwanonin jere na iyayenmu mata, ta Facebook ko WhatsApp. To, ina matsayin haraji?

A tsohuwar dokar 1967, kayan da bai wuce Naira 1,000 ba kaɗai ake yafe wa. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta soma aiki ran 1 ga Janairu, 2026, ta yafe harajin riba kan kayan amfanin kai har na Naira miliyan 5. Amma wanda ke saye don ya sayar, wannan ɗan kasuwa ne. Dole ya bayyana abin da ya samu, ko da yake Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kai.

Mu kuma lura: haraji na bin inda mutum yake zaune ne, ba asalinsa ba. Namu na Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Neja ne, ko daga Sakkwato ko Katsina muka fito. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a ƙara mana kaya don an ce mu baƙi ne.

Saboda haka mu rubuta ranar ciniki da farashi, mu adana shaidar shigar kuɗi ta banki, kada mu biya kowa ba tare da rasidin gwamnati ba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.