Gargaɗi ga masu son hawan Dutsen Kamaru

Mu da muka yi ci-rani a garin Buea mun hau Dutsen Kamaru, ga abin da muka gani. Tsawonsa ya wuce mita 4,000, ya kuma yi aman wuta a 1999 da 2000. Gindinsa kurmi ne mai giwaye da birai, an hana farauta cikinsa. Can bisa babu inuwa, sai baƙin dutse mai shanye ruwan sama, ga sanyin da ya fi na hunturunmu. Wani yaronmu ya raina shi, ya tafi da silifa, a goye muka sauko da shi. Saboda haka dattawa, ku faɗa wa yara: kada su hau sai da ɗan jagora, da ruwa, da bargo, da takalmin kirki. Allah ya kiyaye.