Zaɓen Ƙaramar Uwar Allo Domin Kwamfutar Cikin Mota



Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin kwamfutar tebur zai tarar da wani faffaɗan faranti, kore ko baƙi, wanda aka jera wa kayan aiki iri-iri kamar yadda ake jera rumfuna a filin kasuwa. A kansa ƙwaƙwalwar na'urar take zaune, a jikinsa ake soka ma'adanar bayanai, kuma ta kansa duk wata waya take shiga ko take fita. Masu gyara suna ce da shi madabod, bisa lafazin sunansa na Ingilishi. A wannan lacca za a kira shi uwar allo, tun da yake Bahaushe ya saba ba tushen abu sunan uwa, kamar yadda yake cewa uwar kuɗi ko uwar jiki. Abin da za a duba shi ne yadda mutum zai zaɓi ƙaramar irin wannan uwar allo idan yana so ya dasa kwamfuta a cikin motarsa, domin ta nuna masa hanya, ko ta karanta masa ciwon inji, ko ta ɗauki hoton abin da ke faruwa a kan titi, ko kuwa ta riƙe lissafin tafiye-tafiyen motar haya.

Sha'awar sa kwamfuta a mota ta daɗe. A shekarar 1998 kamfanin Clarion, tare da Microsoft, ya fitar da wata na'ura mai suna AutoPC wadda ake sakawa a ramin rediyo, amma ba ta sami kasuwa ba. A daidai wannan zamani wasu masu ƙwazo a Amurka da Turai suka riƙa ɗaukar kwamfutar tebur sukutum suna ajiyewa a but, su ja waya zuwa gaban mota, don kawai su saurari waƙoƙin da suka tara. Matsalarsu ta farko girma ce. Tsarin allo na ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, tsawonsa santimita 30.5 ne, faɗinsa kuwa 24.4, ban da akwati da gidan wuta. Sai a 2001 kamfanin VIA na ƙasar Taiwan ya gabatar da tsarin Mini-ITX, mai santimita 17 a kowane gefe, ya kuma fara sayar da allunansa masu suna EPIA a shekarar da ta biyo baya. Daga baya ya ƙara da Nano-ITX mai santimita 12 a kowane gefe, da Pico-ITX mai 10 da 7.2, wanda bai wuce tafin hannu ba. Masu ƙera EPIA sun yi shi ne domin injunan kanti da na masana'antu, sai ga shi ya zama abin nema wurin masu motoci.

To, me ya sa suka rungume shi, alhali kuwa ƙwaƙwalwar C3 da ke kansa ba ta kama ƙafar Pentium na zamanin ba wajen sauri? Amsar wannan tambaya ita ce jigon wannan lacca. Wanda zai sayi kwamfutar ofis yana fara tambaya ne daga sauri. Wanda zai sayi ta mota kuwa, motar ce take gindaya masa sharuɗɗa, watau wutarta, da zafinta, da ƙurarta, da girgizarta, shi kuma ya nemi allon da zai iya zama da su. In ya juya wannan tsari, ya fara daga sauri, to, yana iya wayar gari da mataccen batir a tsakiyar daji, ko abin da ya fi haka muni.

A fara da girman, tun da shi ne mafi sauƙi. Ramin rediyon mota yana da ma'auni sananne da ake kira DIN, wanda ya samo asali daga Jamus: faɗi santimita 18, tsayi 5, ko kuwa 10 idan mai hawa biyu ne. Allon Mini-ITX ke nan zai shiga da kyar, ya bar santimita ɗaya tak. Amma zurfin ramin ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma kawunan wayoyin da za a soka a bayan allon suna cin nasu wurin. Saboda haka da yawa sukan bar sikirin mai inci 7 a gaba, su kai allon ƙarƙashin kujera ko but. Awo da tef kafin ciniki ya isa maganin wannan.

Wuta ita ce babbar magana, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ana cewa wutar ƙaramar mota bolt 12 ce, amma wannan suna ne kawai. Cikakken batir da ke hutawa yana ba da kamar 12.6. Idan inji ya tashi, altaneta tana caji, sai wutar ta haura zuwa wajen 14. A lokacin da direba ya murɗa makulli, kik yana zuƙar ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙa biyu ko uku, sai wutar ta faɗi zuwa 10 ko 9, in batirin ya tsufa ma ta yi ƙasa da haka nesa. Akwai kuma wani haɗari da injiniyoyi suka sani ƙwarai: idan kan batir ya kwance alhali altaneta tana tsakiyar caji, wutar takan yi tsalle na ɗan lokaci zuwa bolt goma-goma, har ta kusa ɗari a tsofaffin motocin da ba su da kariya. Duk wanda ya ga yadda ake ɗaure kan batir da guntun ƙusa a tashoshin mota ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Ita kuwa uwar allo irin ta gida tana bukatar wuta tsayayya kala uku, 12 da 5 da 3.3, kuma ba ta yafe kuskuren da ya wuce kashi biyar cikin ɗari.

Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciyar mutum ita ce ya sayi inbata, ta mai da wutar batir irin ta gida, sa'an nan ya jona gidan wutar kwamfuta, shi kuma ya sake mai da ita ƙarama. Wannan daidai yake da mutumin da ya canza nairarsa zuwa sefa, ya sake canza ta zuwa naira, a kowane zagaye ɗan canji yana cire nasa. Abin da aka rasa yana fita ne a matsayin zafi, ga kuma ƙugin da inbata kan zuba a cikin lasifika. Bugu da ƙari, inbata da yawa sukan ɗauke da zarar wuta ta faɗi lokacin tayar da inji, kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Maganin da ya zauna shi ne ɗan ƙaramin gidan wuta da aka ƙera musamman domin mota, irin M2-ATX na kamfanin Mini-Box, wanda yake karɓar wuta daga bolt 6 har zuwa 24, ya tace ta, ya ba allon abin da yake so. Yana da wata waya da ake haɗawa da makulli. In an kunna mota sai ya tayar da kwamfutar, in an kashe sai ya umarce ta ta rufe ayyukanta cikin tsari, kuma in ya ga batir ya sauka zuwa wajen bolt 11 sai ya yanke wutar gaba ɗaya domin ya bar wa kik abin tashi.

Wasu allunan kuma an yi su da ramin wuta guda ɗaya, irin na kwamfutar cinya. A nan sai an karanta takardar allon da kyau. Wanda aka rubuta masa bolt 12 kawai, ko 19 kawai, ba ya jure hawa da saukar wutar mota, sai an sa masa mai daidaitawa a tsakani. Wanda aka rubuta masa iyaka mai faɗi shi ne abin nema. Alal misali allon DN2800MT da Intel ya fitar a 2012 yana karɓar daga 8 zuwa 19, ba shi da fanka, kuma siriri ne, shi ya sa masu wannan sana'a suka yi ta yabonsa ko da yake ƙwaƙwalwar Atom da ke kansa mai tafiyar hawainiya ce. Mai babbar mota kuma ya tuna cewa wutarsa 24 ce, lissafinsa dabam.

Ga ɗan lissafi da kowane ɗalibi zai iya yi a bayan littafinsa. Batir mai lamba 60, watau amfiya 60 na awa guda, yana riƙe da kamar wat 720 na awa guda. Kwamfutar da ke shan wat 120 tana jan amfiya 10, cikin awa uku ta cinye rabinsa, kuma batirin tayar da mota ba a yi shi domin a riƙa kwashe shi haka ba, yana lalacewa da wuri. Wadda ke shan wat 15 kuwa sai ta yi yini da kwana kafin ta kai nan. Ƙwaƙwalwar N100 da Intel ya fitar a 2023 an ƙayyade mata wat 6 ne, amma ta ninka tsohon EPIA sauri sau da yawa, kuma ta wadatar ga taswira da sauti da kyamara.

Ƙarancin shan wuta yana da wata riba ta biyu, domin duk wat ɗin da ya shiga allo zafi yake komawa. Motar da aka rufe aka bari a rana cikinta yakan wuce digiri 60, saman dashbod ma yakan wuce 80. Allunan kasuwa na yau da kullum kuwa iyakar zafin wurin aikinsu tsakanin 50 da 60 ne, na masana'antu ne ake samun masu jure daga 40 ƙasa da sifiri zuwa 85. Turawan da suka fara wannan harka sanyin hunturunsu ne ya fi damunsu. Mai mota a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin inuwa kansa yakan haura 40 a watan Afrilu, damuwarsa tana ɗaya ƙarshen ma'aunin. Abin da ya fi saurin gajiya a jikin allo shi ne kafasita mai ruwa a ciki, waɗannan 'yan gwangwanaye da ke tsaye kusa da ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da injiniyoyi suke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwarsa. Wanda aka yi wa alkawarin awa 2000 a digiri 105 zai kai awa 32,000 a digiri 65, amma 8000 kawai a digiri 85. Don haka a nemi allo mai busasshen kafasita, wanda ba ya kumbura ya tsiyaye.

Wani zai ce ai sai a ƙara fanka. Fanka tana jawo iska, iskar kuma a ƙasashen bakin hamada tana zuwa da ƙurarta, balle a watannin hunturu ko a kan hanyar burji. Ƙurar tana toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, ta shiga gindin fankar ta cinye shi, wata rana ta tsaya shiru ba wanda ya sani sai allon ya gasu. Allon da ba ya bukatar fanka, wanda aka manna da akwatin alminiyo mai haƙarƙari ta waje, ya fi dacewa nesa ba kusa ba, muddin ba a binne shi cikin kafet ba.

Girgiza ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya san ramukan hanya. Ƙwaƙwalwar da aka liƙe da dalma ta fi wadda aka ɗora a soket da tulin ƙarfe a kanta. Ma'adanar wucin gadi irin ta kwamfutar cinya, mai kwanciya a maƙale, ta fi mai tsayuwa. Tsohon faifai mai juyawa, wanda allurarsa ke shawagi a kan faranti, a da shi ne ciwon kan kowa, amma SSD ya kawar da wannan tun da babu abin da ke motsi a cikinsa.

Sai ƙofofin allon. A ƙirga abubuwan da za a jona kafin a je kasuwa: sikirin, da abin taɓa shi, da na'urar GPS, da kyamara, da wayar karanta inji. Wannan ta ƙarshe tana shiga wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, mai suna OBD-II, wanda dokar Amurka ta wajabta wa motoci tun daga ƙirar 1996, Turai kuma ta bi sawu ga motocin fetur a 2001. Ke nan yawancin motocin tokumbo suna da shi, kuma ta nan kwamfuta take jin zafin ruwa da gudun inji da dalilin da ya sa fitilar gargaɗi ta kama. Ya kamata kuma a tabbata cewa allon yana da saitin da zai sa ya tashi da kansa da zarar wuta ta zo.

Gaskiya ita ce tun da Apple ya fito da CarPlay a 2014, Google kuma ya bi da Android Auto a 2015, wayar hannu ta ɗauke wa yawancin direbobi bukatar wannan wahala. Raspberry Pi kuma, wanda ya bayyana a Ingila a 2012, girmansa kamar katin banki, yana aiki da bolt 5, ya isa ga ƙananan ayyuka, sai dai katin ajiyarsa yakan lalace in ana yanke masa wuta ba sallama. Waɗanda suka rage su ne masu bukatar cikakkiyar kwamfuta: makanikin da manhajar binciken injinsa ba ta aiki sai a kan Windows, da motar asibiti, da masu safiyo, da kamfanin sufuri mai kyamarori da yawa. Su ne kuma waɗanda mutuwar na'ura a hanya ta fi yi wa tsada.

Kowane allo aka zaɓa, wayar da ta taso daga batir zuwa gare shi dole a sa mata fiyus kusa da kan batirin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a kuma sa mata zoben roba a inda ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da ɗakin fasinja. Batirin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin wayar da ta goge ta taɓa bodi, kuma fiyus ɗin da aka sa can kusa da kwamfuta ba zai hana wayar da ke ƙarƙashin kafet yin ja ta kama da wuta ba.